Sisin gwal na da: yadda ake gane na asali da kwafi da jabu

Jama'a yawancin masu sisin gwal a gida, wanda aka biya sadaki da shi ko wanda Hajiya Babba ta sayo a Makka tun zamanin da ake tafiya aikin hajji da guzurin kilishi da yaji, in ka tambaye su ko na gaske ne amsa ɗaya ce, ai an kai wa mai gwal ya gwada ya ce gwal ne. Toh mai gwal bai yi ƙarya ba, amma tambaya ɗaya kawai ya amsa. Gwal ne ko ba gwal ba, wannan daban. Gwamnatin da sunanta ke jiki ita ta buga shi a shekarar da aka rubuta ko wani maƙeri ne a Beirut ko Dubai ya kwaikwaya, wannan ma daban. Sannan in na asalin ne, ya lafiyar jikinsa take, ya goge ko bai goge ba. Mai gwal na layi sikeli da asid ne aikinsa, narkarwa yake tunani, babu ruwansa da Sarauniya Biktoriya.

Kafin komai dan Allah kar a wanke. Ban ce kar a wanke da ƙarfi ba, kar a wanke kwata-kwata. Babu Omo, babu toka, babu lemon tsami, babu man goge baki da tsohon buroshi, kuma Hajiya kar ki haɗa shi da sarƙoƙinki ki kai wanki ana gobe biki. Tsohon sulalla yana da wani sheƙi na daban da yake fitowa da shi daga injin bugu, in ka juya shi a haske za ka ga hasken na zagayawa a fuskarsa, da zarar an goge shi da tsumma ko injin folish wannan abun ya tafi har abada, sai ƙyalli irin na madubi da ƙananan zane-zane, kuma masu tara sulalla da kallo ɗaya suke ganewa su rage kuɗi. Haka ma kar ka yarda a goga gefensa a dutsen gwaji ko a kankare shi a ɗiga asid tun ba ka san me ke hannunka ba. Riƙe shi ta gefe da yatsa biyu, ka shimfiɗa tawul a kan tebur saboda ko zai suɓuce.

Wanda ya fi yawo a hannun mutanenmu shi ne fam ɗin gwal na Ingila, mai kan sarki ko sarauniya a gefe ɗaya, ɗayan gefen kuma mutum a kan doki yana saran wani dodo. Tun 1817 ake buga shi da awo ɗaya: nauyi giram 7.98, faɗi milimita 22.05, kauri wajen milimita ɗaya da rabi, karat 22, tsantsar gwal ɗin da ke ciki giram 7.32. Rabinsa giram 3.99 ne, faɗi milimita 19.3. Rubuta waɗannan a wayarka, su ne makaminka na farko. Nemi ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu gwal, da kalifar awo irin ta kanikawa da masu juya ƙarfe, in za ka samu ta roba ya fi don ta ƙarfe tana iya yi masa tabo. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, 7.95 ko 7.94 ba abun tashin hankali ba ne, su kansu Turawan dokarsu ta ce in ya gaza 7.93 da ɗoriya ya fita daga kuɗin kashewa. Amma in ka ga 7.7 alhali hoton jikinsa rangaɗau kamar jiya aka buga, ina sauran ya tafi? In kuma ka ga 8.00 cif ko 8.05, toh tsaya, wannan ne zan yi dogon bayani a kai.

A kasuwannin gwal na Jidda da Makka da Alƙahira da Dubai ana sayar da sulalla mai kan Sarki Joji, giram 8, karat 21 ko 22, kuma ba a ɓoye ake yi ba, kowa a can ya san aikin kamfanonin gwal ne na zamani, wasu ma za ka ga an buga 21 ko 875 (wato karat 21) ko 916 (wato karat 22) ƙanana a jiki ko ƙasan doki. Gwal ne na gaske, mai shago bai cuce ka ba in a kan giram ya sayar maka. Matsalar tana farawa ne in ya iso gida ya canza hannu sau biyu sau uku, sai ya koma "tsohon kuɗin Ingila na 1911, na tarihi ne". Na asalin babu wata lambar karat a jikinsa, ko ɗaya. Kuma yi lissafi da kanka: giram 8 na karat 21 tsantsar gwal ɗinsa giram 7 ne, na asali 7.32, in guda goma ne na sadaki an tashi da bambancin giram uku da wani abu, ba ƙaramin kuɗi ba ne a farashin yau. Akwai kuma masu saukar da shi zuwa karat 18, giram 6 kenan kacal.

Kuma wannan harka ba yau ta fara ba. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Gabas ta Tsakiya da Girka ba su yarda da kuɗin takarda ba, fam ɗin gwal suke so, Ingila kuma ta daina bugawa, sai farashinsa ya haura kuɗin gwal ɗin da ke cikinsa sosai. Nan masu wayo a Italiya da Labanan da Siriya suka buɗe masana'antu suna bugawa, wasu ma da cikakken gwal, ribarsu ita ce wancan ƙarin. Har wani da ke bugawa a Milan ya gudu Suwizalan, kotun can a 1952 ta ƙi miƙa shi bisa hujjar cewa wannan fam ɗin ya daina zama kuɗin da ake kashewa. Abun ya dami Ingila har ta dawo da bugawa a 1957 da kan Sarauniya Elizabet don ta karya kasuwar masu kwaikwayo. Ita ma Saudiyya ta yi nata sulallan gwal mai shekarar 1370 Hijira da nauyin fam ɗin Ingila, jabu ya yi masa yawa har aka janye shi. Kaga kenan sisin da kaka ta sayo a Makka shekara sittin da suka wuce zai iya zama tsoho, ya zama gwal, kuma duk da haka kwafi ne, ita ma ba ta sani ba, Allah ya jiƙanta.

Nauyi shi kaɗai ba ya isa, haɗa shi da faɗi da kauri, a nan ake kama jabu na ƙarfe. Gwal nauyi gare shi fiye da kusan duk abinda za a yi jabu da shi. Tagulla wajen rabin nauyin karat 22 kawai take da shi in girmansu ɗaya, saboda haka in mai jabu ya daidaita nauyi dole abun ya yi kauri kusan ninki biyu ko ya yi faɗi, in kuma ya daidaita girma sikeli zai tona shi. Dalma ma haka, ba ta kai nauyin gwal ba. Sai maganaɗisu mai ƙarfi, gwal ba ya binsa, in ya ɗan motsa ma an gama magana. Amma rashin binsa ba shaida ba ce, tagulla da dalma ma ba sa bi, na faɗa ne don na ga masu talla a TikTok suna kara maganaɗisu suna cewa kun gani ko.

Akwai gwajin ruwa. Ɗora ƙaramin kofi da ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ɗaure sulallan da siririn zare ka nutsar da shi a ruwan ba tare da ya taɓa ƙasa ko gefe ba, karanta lambar, sai ka raba nauyinsa na waje da ita. Fam na asali zai nuna wajen 0.45 ko 0.46, amsar ta faɗo kusa da 17 da rabi. Tagulla za ta ba ka 8 da wani abu, dalma 11, tsantsar gwal 19.3. Gaskiya dai wannan gwajin a ƙaramin sulalla yana kama babban jabu ne kawai, don bambancin 0.01 a sikeli yana jujjuya amsar sosai, ba zai raba maka 21 da 22 da tabbaci ba, kumfar iska ɗaya a jikin zare ma ta isa ta ɓata lissafin. Sannan akwai ƙarfen tungstin da nauyinsa kusan ɗaya da gwal, ana lulluɓe shi da ruwan gwal, ya fi yawa a manyan sulalla da sanduna. Shi sauti ke tona shi: ɗora sulallan a kan yatsa ka ɗan taɓa gefensa da fensir, na gaske yana yin ƙara siririya mai ja, na tungstin ko na zubi sai ka ji ƙwas ya mutu nan take. Kar dai ka jefa shi a siminti wai kana jin sauti.

Yanzu shekara da tambarin gidan bugu, wannan ne wurin da na fi jin daɗi don ba ya buƙatar inji, sani kawai. Masu jabu da yawa suna haɗa kan wani sarki da shekarar da ba tasa ba. Biktoriya kai uku gare ta a fam: na ƙuruciya daga 1838 zuwa 1887, mai ƙaramin kambi daga 1887 zuwa 1893, mai lulluɓi daga 1893 zuwa 1901. Edwad na bakwai 1902 zuwa 1910. Joji na biyar 1911 zuwa 1932. Ka ga kan Joji da 1908, ba sai ka auna ba. Sannan daga mai ƙaramin kambi zuwa gaba duba ƙasan kofaton doki, a kan tudun da ke saman shekara, akwai ɗan harafi: S na Sidni, M na Melbon, P na Pat, duka a Ostireliya, C na Ottawa a Kanada, I na Bombay, SA na Pretoriya. In babu harafi Landan ce. Pat ba ta fara ba sai 1899. Pretoriya 1923 zuwa 1932. Bombay mai kan Joji shekara ɗaya tak, 1918. Ottawa 1908 zuwa 1919 kuma babu 1912 babu 1915. Landan ta tsaya a 1917 sai kuma 1925, saboda haka Joji marar harafi mai 1919 ko 1922 ko 1928 bai taɓa fitowa daga Landan ba, ko jabu ne ko an kankare harafin. Shi kansa 1917 na Landan yana da wuyar samu ƙwarai kuma yana da tsada, shi ya sa ake yawan yin jabunsa ko a ɗauko na Ostireliya a goge harafin, in ka ga irinsa a hannun ɗan talla ka fara zargi kafin murna.

Ƙaramar dabara kuma: riƙe shi sama da ƙasa kan sarki a tsaye, ka juya shi gefe. Daga mai ƙaramin kambi na 1887 zuwa gaba dokin zai fito a tsaye. Na Biktoriya mai ƙuruciya bayan zai fito a kife. In ya saɓa, ko ya karkace sosai, akwai magana.

Shekarar da ke jiki ma ba kullum take nufin shekarar bugu ba ko da na gwamnati ne. Fam mai 1925 na Landan an sake buga shi da wannan shekarar wajen 1949 zuwa 1952. 'Yan uwa na Nijar da suka fi sanin faran 20 na Faransa mai zakara, giram 6.45, faɗi milimita 21, gwal kashi 900 cikin 1000, ku sani an sake buga masu shekarun 1907 zuwa 1914 da yawa a tsakanin 1951 da 1960. Dukat na Ostiriya mai 1915 har yanzu ana buga shi da 1915 ɗin. Peso 50 na Meziko mai 1947 haka. Irin labarin azurfar nan ce ta Mariya Tereza mai 1780 da ta yi yawo a kasuwannin Borno da Kano, kowacce 1780 take ɗauke da ita ko yaushe aka buga ta. Waɗannan ba jabu ba ne, amma kar a karɓi kuɗin tsufa a hannunka. Lirar Daular Usmaniyya kuma, kurush 100 mai giram 7.2, lamba biyu take da ita, shekarar hawan sarki da shekara ta nawa a mulkinsa, 1293 da ke jikin na Sultan Abdulhamid na biyu shekarar hawansa ce, ba ta bugu ba.

Sai ido. Sayi gilashin nan na masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, zauna kusa da taga. Na asali da matsi mai ƙarfi aka buga shi, haruffa suna da kaifi, filin da babu zane sumul yake. Na zubi za ka ga ƙananan ƙuraje da ramuka kamar fuskar ƙosai, haruffa sun kumbura, wani lokaci da siririn layi a gefe inda aka haɗa mazubi biyu. Duba zaren gefen, ya zama daidai wa daida ko'ina, babu alamar an bi shi da zarto. Duba ƙananan haruffa B.P. kusa da shekara, na Benedetto Pistrucci da ya zana dokin, a kwafi sukan dunƙule su zama ɗigo. Kwatanta wutsiyar doki da fiffiken dodo da hoton na asali na wannan shekarar daga shafin Royal Mint, gidan bugun kuɗin Ingila, ko na NGC, kamfanin tantance sulalla. In kuma da yawa za ka saya, jera su ka duba: in ka ga tabo iri ɗaya a wuri ɗaya a kumatun sarki a guda uku ko huɗu, toh daga uwa ɗaya aka kwafo su, don babu yadda za a yi sulalla daban-daban su ji ciwo iri ɗaya a yawon duniya. Launi kuwa kar ka dogara da shi, akwai na asali masu ja-ja akwai masu ɗorawa-ɗorawa, ya danganta da jan ƙarfe ko azurfar da aka gauraya.

Injin nan da manyan shagunan gwal ke sa abu a ciki ya fito da kashi-kashi a allo yana da amfani, ba ya ɓata komai, shi zai raba maka 875 da 916. Amma fatar sama kawai yake karantawa, ruwan gwal mai kauri zai iya ruɗarsa, saboda haka a haɗa shi da awo da sauti. Kuma ko ya nuna 916 ya ce maka gwal ne, bai ce maka Landan ce ta buga ba.

In duk ya tsallake, sai maganar mataki, wato lafiyar jikinsa. Ma'aunin da kasuwar duniya ke bi daga 1 zuwa 70 ne, wani Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949. A jikin robar kamfanonin tantancewa za ka ga haruffa da lamba: F 12 ya goge sosai amma ana karanta komai, VF 20 zuwa 35 tsaka-tsaki, XF 40 da 45 gugar kaɗan ce a wurare masu tudu, AU 50 zuwa 58 saura ƙiris ya zama sabo, MS 60 zuwa 70 bai taɓa shiga hannun kasuwa ba. Wuraren da ke fara gogewa su za ka duba: gashin da ke saman kunne, gemu da gashin baki a na Edwad da Joji, a baya kuma ƙirjin mahayin da gwiwarsa da hularsa da cikin dodon. Juya shi a hankali a ƙarƙashin fitila ɗaya, in sheƙin ya yanke a kan kumatu ya yi duhu-duhu, ya sha hannu, ba MS ba ne komai kyansa. Kowa na ƙara wa nasa maki, in ranka ya ce maka AU ka ɗauka XF ne.

Ga abinda ya fi shafar namu: yawancin sisin da ke gidajenmu an taɓa yi musu kunne an rataya a sarƙa, ko an huda, ko an ɗaure a zobe. Duba gefe daidai saman kan sarki, in akwai tabon walda ko zaren gefen ya lotse, an cire kunne ne. Irin wannan kamfanin tantancewa ba zai ba shi lamba ba, zai rubuta na asali ne amma yana da illa, kuɗinsa ya koma kusa da na giram. Wanda aka wanke da ƙarfi ma haka.

Manyan kamfanonin biyu ne, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, duka na Amurka, suna da ofisoshi a Turai. Suna rufe sulalla a roba da lambar shaida. Ita ma robar ana yin jabunta yanzu, saboda haka shigar da lambar a shafinsu ka kwatanta hoton da ya fito da abinda ke hannunka tabo da tabo, don masu jabu suna satar lambar gaske su manna. Shin ya kamata ka aika naka? A ganina yawanci a'a. An buga fam miliyoyi a yawancin shekaru, na gama-gari kuɗinsa gwal ɗinsa ne da ɗan ƙari, kuɗin aikawa da inshora da tantancewa zai cinye ƙarin. Sai in shekara da harafin masu wuya ne, irin 1917 na Landan, 1916 mai C, 1920 mai S, 1923 mai SA, ko kuma yana nan sabo fil bai taɓa ganin tsumma ba. Ga masu rabon gado wannan binciken ya kamata a yi kafin a kira mai gwal ya auna duka a dunƙule ya yi kuɗi, kar a narkar da haƙƙin marayu a kan farashin giram.

Dinarin Musulunci na da kuwa wani fage ne daban. Wanda Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fara a shekara ta 77 Hijira wajen giram 4.25 ne, rubutu zalla babu hoto, rubutun Kufi marar ɗigo, da guduma aka buga shi saboda haka ba ya zama zagayayye cif kuma guda biyu ba sa zama iri ɗaya sak. A 2019 an sayar da wani na shekara ta 105 mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz kan fam miliyan 3.72 a gwanjo a Landan, kuma irin wannan labarin 'yan damfara ke ɗauka su zo maka da tukunya wai an haƙo a gona ko wani malam ya karɓo daga aljanu, su ba ka guda ɗaya na gaske ka kai gwaji, sauran buhun tagulla ce. In guda hamsin duk iri ɗaya ne har tabo, ko rubutun na da ɗigo da wasali irin na bugun littafin yau, bar wurin. Irin wannan dinari sikeli da maganaɗisu ba sa tabbatar da shi, sai masani da zai karanta rubutun ya kwatanta shi da sanannun bugu, kuma abinda aka haƙo daga ƙasa da gaske a Najeriya hukumar gidajen tarihi na da doka a kan sayar da shi.

Ranar saye kuma, a auna kowanne ɗaya bayan ɗaya a gabanka, ba samfur ɗaya ba, kuma kar abun ya bar idonka bayan an gwada, nan ake musanya. A rubuta maka a rasit nauyi da karat da shekara da harafi, da kalmar na asali ne ko kwafi, da sharaɗin in ya faɗi gwaji za a karɓa a mayar maka da kuɗinka cif. Wanda ya ƙi rubutawa sai ka biya shi kuɗin giram na karat ɗin da inji ya nuna, ko sisi kar ka ƙara. In kuma musayar gwal da gwal za ku yi, sisi da sarƙa misali, tambayi malaminka tukuna don akwai hukuncin riba a wurin. Wanda ka tabbatar na asali ne ka sa shi a 'yar robar sulalla shi kaɗai, kar a zuba shi a gwangwani ɗaya da 'yan kunne da awarwaro suna gogar juna.